Ciwon sharaɓa ga masu gudu a Nima da Mamobi: yadda ake gane shi, jinyarsa da lokacin komawa fili

Duk wanda ya taɓa fita da sassafen Asabar ko Lahadi a Nima ko Mamobi ya san yadda titi ke cika da masu motsa jiki. Ƙungiyoyin matasa da magidanta, maza da mata, suna sassarfa a gefen babban titin Kanda, ana waƙa ana tafi. Wasu na zagaya filin Kawukudi, wasu kuma su hau mota zuwa Ayi Mensah su haura tudun Aburi da ƙafa har Peduase. Ga yara masu buga ƙwallo da burin zama kamar Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya tashi daga waɗannan lunguna ya kai manyan kulob na Turai. Tun bayan gasar wasannin Afirka da birnin Accra ya karɓi baƙuncinta a watan Maris na 2024 kuma, zancen guje-guje ya ƙara shiga bakin jama'a.

Akwai wani rauni da ke yawan katse wa waɗannan mutane hanzari. Mutum na cikin gudu, sai ya ji kamar an jefe shi da dutse a bayan ƙafa, tsakanin gwiwa da dunduniya. Ya waiwaya bai ga kowa ba. Ya yi ƙoƙarin taka ƙafar, ta ƙi. Wani kuma ba ya jin komai farat ɗaya, sai dai wurin ya riƙa ɗaurewa a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da zai kasa ƙarasa kilomita biyu.

Ga mazaunin zango abin ya wuce maganar wasa. Mai ɗaukar kaya a kasuwar Nima, da direban da ke taka kuloci tun safe har dare, da tela mai keken ƙafa, da mai sayar da koko da ke tsaye awa biyar, duk da wannan tsoka suke neman abinci. Raunin da aka yi wa jinya daidai kan warke cikin makonni. Wanda aka yi wa gaggawa ko aka murza da ƙarfi yakan ja watanni. Akwai kuma cututtukan da ke shigowa da kamannin ciwon tsoka alhali suna iya kisa.

Me ke cikin sharaɓa?

Sharaɓa, wadda wasu ke ce wa dambubu, masu Faransanci kuma ke kira mollet, manyan tsokoki biyu ne a kan juna. Ta sama ita ce wadda ake gani ta yi curi idan mutum ya yi ɗage. Kai biyu gare ta, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, kuma daga saman gwiwa ta baya ta faro. Likitoci na kiran ta gastirokinimiyas. A ƙarƙashinta akwai wata mai faɗi da ta faro daga ƙasan gwiwa, ana ce mata soliyas. Su biyun sun haɗu sun zama agara, wato kakkaurar jijiyar nan da ta kama ƙashin dunduniya.

Bambancinsu na da amfani wajen gane ciwo. Ta saman ta ratsa gaɓoɓi biyu, gwiwa da idon sawu, kuma aikinta shi ne zabura: tsalle, gudun tsere, tashi da sauri. Ta cikin gaɓa ɗaya ta ratsa, aikinta juriya ne, ita ke riƙe mutum a doguwar tafiya da dogon gudu. Binciken masana motsin jiki ya nuna cewa a lokacin gudu, ƙarfin da tsokar cikin ke fitarwa yakan kai ninki shida zuwa takwas na nauyin mutum. Wato mai kilo 70 yana ɗora mata abin da ya haura kilo 400 a kowane taku. Idan yana taku 160 a minti, cikin awa guda kowace ƙafa ta yi wannan aiki kusan sau 4,800.

Yadda raunin ke faruwa

Tsokar sama ta fi yagewa idan gwiwa na miƙe, yatsun ƙafa sun ɗago sama, sannan aka buƙaci ta tura jiki gaba da ƙarfi. Haka ke faruwa idan mai gudu ya zabura don ya wuce abokinsa, ko ya tsallake kwata, ko ya kauce wa babur. Kan da ke ta ciki ne ya fi yagewa. Tun a 1883 likitoci a Ingila suka rubuta labarin wannan rauni a jikin masu wasan tanis, shi ya sa har yau littattafansu ke danganta shi da wasan. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 35 zuwa 40, musamman mai zaman shago ko ofis duk mako, wanda sai ranar hutu yake tuna cewa shi ɗan wasa ne.

Tsokar ciki kuwa gajiya ce ke cin ta. Mai shirin gudun fanfalaki da ya ƙara nisa da yawa cikin mako guda, ko wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titi sai ya tafi hawan tudun Aburi sau biyu a jere, shi ne abin harinta. Zafinta na can ciki, ƙasa-ƙasa, kuma ya fi tashi idan mutum ya yi ɗage gwiwarsa na lanƙwashe.

Abubuwa biyu ne bincike ya fi tabbatarwa cewa suna ƙara haɗarin raunin: yawan shekaru, da kuma taɓa jin rauni a wurin a baya. Na biyun shi ne dalilin da ya sa jinyar farko take da muhimmanci ƙwarai.

Ana kasa raunin mataki uku. A mataki na farko 'yan zaruruwan tsoka ne suka tsinke. Mutum na iya tafiya, sai dai yana jin ja da zafi, kuma yawanci yakan koma gudu cikin mako ɗaya zuwa uku. A mataki na biyu wani sashe na tsokar ya yage. Akwai ɗingishi da kumburi, bayan kwana biyu ko uku jini kan kwanta ya gangaro wajen idon sawu, ɗage kuma ya gagara. Wannan kan ɗauki mako uku zuwa shida, wani lokaci fiye. A mataki na uku tsokar ta yage gaba ɗaya ko kusan haka, har akan ji rami idan aka shafa wurin. Jinyarsa watanni ce, kuma ba a yin ta sai da likita.

Ɗaurewar tsoka daban take. Ita takan kama ne nan take, wurin ya yi tauri kamar dutse, sannan ta saki cikin daƙiƙoƙi ko mintuna idan aka miƙe ƙafar. Idan zafi ya kwana, kuma akwai wuri guda da mutum zai iya nunawa da yatsa, to a ɗauke shi a matsayin yagewa.

Alamomin da ba a jira da su

Kafin a fara kowace jinya a gida, sai an tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne.

Na farko, daskarewar jini a jijiyar cikin ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana zugi ko a kwance, kuma sau da yawa mutum ba ya iya tuna lokacin da ya ji rauni. Wannan ya shafi mutanenmu matafiya kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman sama da awa huɗu a mota, jirgin ƙasa ko jirgin sama na ninka haɗarin wannan cuta kusan sau biyu. To, a tuna tsawon zaman bas daga Accra zuwa Yamai, ko zuwa Wagadugu ta Kumasi da Tamale, ko zuwa Kano ta Lome da Kwatano da Legas. Masu ciki, da masu jego, da masu shan wasu magungunan tazarar haihuwa, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan sun fi shiga haɗari. Idan gudan jinin ya ɓalle, huhu yake nufa. Don haka kumburin ƙafa da ya haɗu da sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji ko tarin jini, maganar gaggawa ce. A Ghana ana kiran lamba 112. Kada a murza irin wannan ƙafa ko kaɗan. Raunin tsoka na gaske ma yana iya jawo daskarewar jini daga baya, saboda haka kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan 'yan kwanaki na buƙatar hoton asibiti.

Na biyu, tsinkewar agara. Akan ji ƙara kamar an tsinka igiya, zafin na ƙasa kusa da dunduniya, kuma mutum ba ya iya ɗage a kan ƙafar. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wasu na iya tafiya da ɗingishi, sai su ce targaɗe ne. Gwajin da likita ke yi mai sauƙi ne: majinyaci ya yi rub da ciki, a matsa sharaɓar. Idan agara na nan, tafin ƙafa zai motsa da kansa. Idan bai motsa ba, ta tsinke. Jinkirin makonni na sa gyaranta ya yi wuya.

Na uku, zazzaɓi tare da kumburi mai zafi a cikin tsoka. A ƙasashe masu zafi irin namu ƙwayoyin cuta kan tara mugunya a can cikin nama. Wannan sai an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci sai likita ya tsaga ya fitar.

Na huɗu, zafin da ya wuce kima, sharaɓa ta yi tauri tamau, yatsu na mutuwa ko sun yi sanyi. Alama ce cewa kumburi ya danne hanyar jini, kuma ana ƙirga lokacin ceton ƙafar da awanni ne.

Na biyar, fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan motsa jiki mai tsanani. Tsoka ce ke narkewa tana zuba cikin jini, kuma hakan na iya lalata ƙoda. Masu ɗauke da jinin sikila, ko da ba su da cutar kanta, sun fi fuskantar wannan idan suka takura wa jiki cikin zafi da ƙishirwa. A Ghana kimanin kashi 2 cikin 100 na jarirai ake haifa da cutar sikila, masu ɗauke da jinin kuwa sun ninka haka sau da yawa. Ya kamata kowane mai gudu ya san rukunin jininsa.

Na shida, ga dattawa, masu ciwon suga da masu shan taba: ciwon sharaɓa da ke zuwa duk lokacin da aka yi tafiya mai wani nisa, ya tafi da an tsaya, yana iya zama toshewar hanyar jini. Wannan ba motsa jiki ne ya jawo shi ba.

Kwana uku na farko

Da zarar an ji abin, a daina gudu. Ƙarasa zagaye don kada abokai su yi dariya shi ke mayar da ƙaramin rauni babba. A nemi abin hawa a koma gida.

A gida, a ɗora ƙafar a kan matashi yadda za ta fi ƙirji tudu idan an kwanta. A naɗe ta da bandeji mai talewa, daga tafin ƙafa zuwa ƙasan gwiwa, ba tamau ba. Idan yatsu suka fara mutuwa ko suka canza launi, a sassauta. Idan taka ƙafar na sa ɗingishi sosai, a yi amfani da sanda na 'yan kwanaki. Ɗan tudu na kamar santimita ɗaya a ƙarƙashin dunduniya, cikin takalma biyun, yana rage jan da tsokar ke sha. A wannan lokaci a bar silifas da yawo ba takalmi.

Ƙanƙara na rage zafi. Ruwan leda da ya daskare ya wadatar: a naɗe shi da ƙyalle, a ɗora minti 10 zuwa 15, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Sai dai kada a ɗauka ita ke warkarwa. Likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne a kare wurin na kwana ɗaya zuwa uku, sannan a fara motsa shi a hankali gwargwadon yadda zafi ya bari.

Abubuwa huɗu ne ake gujewa a waɗannan kwanaki: gasawa da ruwan zafi, murza da ƙarfi, miƙar da tsokar da tsiya, da barasa. Dukkansu na ƙara zubar jini a cikin naman da ya yage.

Maɗori, wanzami da kemis

A zango idan mutum ya ji ciwo a ƙafa, abin da ake fara cewa shi ne a kai shi wurin mai ɗori a ja masa. Maɗora na da daraja a cikin al'umma, kuma mutane sun yarda da su. Amma yagewar tsoka ba gocewar ƙashi ba ce, babu abin da za a mayar mazauninsa. Tsokar da ta yage kamar ƙyalle ne da ake ɗinkewa da siririn zare. Ja da murza a kwanakin farko na warware ɗinkin. Haka nan ƙaho ko tsaga a kan kumburin don a fitar da "mataccen jini" na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Jinin da ya kwanta jiki ne ke shanye shi da kansa. Tausa mai laushi na iya amfani daga baya, bayan kumburi ya saɓe kuma an tabbatar babu daskarewar jini.

Man zafi fata kawai yake ɗumamawa, ba ya kaiwa inda raunin yake. Idan ana son shafawa, a bari sai bayan kwana uku, kuma ba da murza ba.

A kemis ma sai an yi hattara. Farasitamol bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin ya isa ga yawancin mutane. Ibufurofen da dikulofenak na rage zafi, amma suna iya tayar da gyambon ciki, su kuma taɓa ƙoda, musamman ga wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba, ko mai hawan jini. Shan su don a samu a yi gudu kuskure ne. Taramol ya fi muni: yana ɓoye zafin da ke gargaɗin mutum, ga kuma jarabar da ya jefa matasa da dama a ciki a faɗin Afirka ta Yamma.

Akwai kuma wani magani da ba a cika alaƙanta shi da ƙafa ba. Sifurofulokzasin, wanda aka fi sani da Cipro kuma ake yawan bayarwa don taifot da ciwon mafitsara, shi da danginsa na iya raunana agara har ta tsinke. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa an rubuta gargaɗi mafi tsanani a kansu a 2008. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan magunguna irin su firedinisolon da dekzametazon. Wanda ke shan wannan magani ya dakata da gudu mai ƙarfi, idan kuma ya ji zafi a agara ya koma wurin likitan da ya rubuta masa nan take.

Yadda ake mayar da ƙarfi

Hutu kaɗai ba ya mayar da tsoka yadda take. Zafi zai tafi, amma tsokar ta rame, tabon kuma bai yi ƙwari ba. Shi ya sa mutum zai zauna mako uku, ya ji garau, ya fita gudu, ciwo ya dawo wuri guda. Abin da ke gyara ta shi ne a riƙa ɗora mata nauyi mataki-mataki.

Daga kwana na biyu ko na uku, a zaune, a riƙa ɗaga tafin ƙafa sama da ƙasa a hankali, sau 20, sau uku ko huɗu a rana. Sai a koma ɗaga dunduniya a zaune a kan kujera. Idan tafiya cikin gida ta daina ciwo, a tsaya a dafa bango a yi ɗage da ƙafa biyu, a hau a hankali a sauko a hankali, sau 10 zuwa 15, zubi uku. Bayan 'yan kwanaki a riƙa karkatar da nauyi zuwa ƙafar da ta ji ciwo, har a kai ga yi da ita kaɗai.

Kowane motsi a yi shi iri biyu: da gwiwa a miƙe don tsokar sama, da gwiwa a ɗan lanƙwashe don ta ciki. Idan ƙafa ɗaya ta iya sau 15 ba wahala, a koma bakin matakala yadda dunduniya za ta riƙa sauka ƙasa da yatsu, sannan a ƙara nauyi. Ba sai an je gidan motsa jiki ba: jakar goyo da aka cika da ruwan leda ta isa, tunda kowace leda rabin kilo ce, ana iya ƙarawa biyu-biyu. Matakin ƙarshe shi ne tsalle: da ƙafa biyu a wuri guda, sai tsallen igiya, sai ƙafa ɗaya.

Ma'aunin shi ne wannan: ɗan jin jiki lokacin motsi ba laifi, amma zafi mai suka, ko ciwon da ya fi na jiya idan an tashi da safe, na nufin an yi sauri. A koma matakin baya na kwana biyu.

Masu salla za su lura cewa durƙusawa da tashi daga sujada na jan sharaɓa sosai. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya ya yi salla a zaune, don haka babu dalilin takura wa ƙafar a makon farko.

Jiki na buƙatar abin gini. Wake da ƙosai, ƙwai, kifi, nama, nono da cukun wagashi duk suna da shi, kuma babu wanda ba a samu a kasuwar Nima. Isasshen barci ma na cikin magani.

Yaushe za a koma gudu?

Ba kalanda ake dubawa ba, abin da ƙafar ta iya ake dubawa. Masu gashin ƙashi na asibiti kan nemi mutum ya cika waɗannan: tafiya mai sauri ta minti 30 ba zafi, ɗage a ƙafa ɗaya sau 20 zuwa 25, da tsayi daidai da na ɗaya ƙafar, tsalle a ƙafa ɗaya na kamar daƙiƙa 30 ba tare da suka ba, kuma danna wurin ba ya ciwo.

Idan an cika, a fara da haɗa tafiya da sassarfa a shimfiɗaɗɗen wuri: minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, na tsawon minti 20, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. A riƙa tsawaita sassarfar har ta kai minti 30 a jere. Nisa ake fara ƙarawa, sauri ya biyo baya, tudu da yashin bakin teku su zo a ƙarshe. Wanda ke cikin ƙungiya ya haƙura ya tsaya a sahun baya na 'yan makonni, domin waƙa da tafi na sa mutum ya manta da ƙafarsa.

Ko manyan 'yan wasa masu likitoci a gefe ba su tsira daga wannan jarrabawa ba. Kevin Durant, tauraron ƙwallon kwando na Amurka, ya ji rauni a sharaɓarsa ta dama ranar 8 ga Mayun 2019. Ya dawo wasa ranar 10 ga Yuni a zagayen ƙarshe na gasar, bai cika minti 12 a fili ba agarar wannan ƙafa ta tsinke, ya rasa kakar wasa ta gaba gaba ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ga masu haɗa iyo da keke da gudu

Masu gasar wasanni uku, wadda a tsarin Olamfik ta ƙunshi iyo na kilomita 1.5, keke na kilomita 40 da gudu na kilomita 10, suna da wata dama: za su iya riƙe numfashinsu da sauran wasannin biyu yayin jinya. Amma kowanne da sharaɗinsa. A ruwa, kada a tokari bango da ƙafar da ta ji ciwo wajen juyawa, kada a sa takalmin iyo mai fiffike, kuma a farko a matse abin yin iyo tsakanin cinyoyi a bar hannu ya yi aikin. A kan keke, a zauna a kan sirdi, a sa giya mai sauƙi, a taka feda da tsakiyar tafin ƙafa maimakon yatsu. Sirdin da ya yi tsawo da yawa na tilasta wa mutum ɗage a kowane juyi. Horon da ake sauka daga keke a zarce gudu nan take shi ne na ƙarshen dawowa, domin a lokacin sharaɓa ta riga ta gaji. Wannan shawara ta keke ta shafi duk mai gudu da ke da keke a gida.

Yadda za a kauce wa dawowarsa

Motsin ɗage da aka yi jinya da shi shi ne kuma rigakafi. A ci gaba da yin sa sau biyu a mako, da nauyi, ko bayan an warke. Kafin gudu a ɗumama jiki da tafiya mai sauri da sassarfa ta minti 10. Kada a ƙara nisa da sauri da tudu a mako guda, a zaɓi ɗaya. Masu horarwa da yawa na bin ƙa'idar kada ƙarin nisa ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako.

Takalmi ma abin dubawa ne. Da yawa daga masu gudu a zango gwanjo suke saye a Kantamanto, kuma ana samun masu kyau. A duba ƙasan: idan dunduniyar ta cinye ta gefe guda, ko katifar ta mutu, a bar shi. Takalmin gudu kan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuwa ya riga ya ci wani abu daga ciki. Sauyawa farat ɗaya daga takalmi mai tudun dunduniya zuwa shafaffe na ƙara wa sharaɓa aiki, don haka a saba da sabon a gajerun tafiye-tafiye tukuna.

Accra gari ne mai zafi da laima, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, kuma gumi ba ya saurin bushewa. Gudu da asuba ko bayan faɗuwar rana ya fi. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. A watan azumi a rage nisa da sauri, a mayar da motsa jiki mai nauyi bayan buɗa-baki. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ya ba jikinsa kwanaki kafin ya koma fili.

Ina za a je?

Mazauna Nima da Mamobi na da Babban Asibitin Mamobi a kusa. Asibitin Sojoji na 37, da Asibitin Ridge, da Asibitin Koyarwa na Korle Bu na da sassan gashin ƙashi da na'urorin ɗaukar hoto. Hoton da ake yi wa masu ciki, irinsa ne ake haska sharaɓa da shi, yana nuna yagewar tsoka, tsinkewar agara da daskarewar jini. Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka. A tafi da katin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda Ghana ta kafa a 2003, a tabbatar bai ƙare ba.

Ga masu karatu a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Lome, Abijan ko Kano, ƙa'idar ɗaya ce. A je asibiti a ranar idan an ga ɗaya daga alamomin haɗari shida da aka lissafa, ko an kasa taka ƙafar sam. A je cikin mako idan ɗingishi bai ragu ba bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko kuma wannan ne karo na biyu da ciwon ya kama wuri guda. Idan an je, a gaya wa likita abubuwa uku ko bai tambaya ba: ko an yi doguwar tafiya kwanan nan, waɗanne magunguna ake sha, da kuma rukunin jini.